In za a dawo da bikin teku a Bur Sudan, a fara da masunta da yara

Jama'a ku yi min haƙuri, yau rubutun zai ɗan yi tsawo.

A zauren WhatsApp na 'yan unguwarmu wani ya sako tsofaffin hotunan bikin yawon buɗe ido da cinikayya da aka riƙa yi a garin nan tun zamanin gwamna Muhammad Tahir Aila. Nan da nan aka hau begen da: fitilun kurnish (titin bakin teku), mawaƙan Hartum, rumfunan 'yan kasuwa, otal-otal cike da baƙi duk lokacin sanyi. Kowa na cewa Allah ya kawo zaman lafiya a dawo da shi. Ni ma na ce amin, don talaka ya ci abinci a bikin nan, daga mai raksha har mai agashe. Sai dai in za a dawo da shi yadda yake, to ni da sauran magana. Bikin sunan Bahar Maliya yake ɗauke da shi, amma ita tekun ado kawai aka mai da ta. A jera kujerun roba a bakinta, a sha jabana (gahawa), a ɗauki hoto, a watse. Mutum zai yi sati yana zuwa bai ƙaru da ko kalma ɗaya ba game da abin da ke cikin ruwan da ke gabansa.

Mu Hausawan garin nan abin ya fi damuna a kanmu. Kakanninmu sun taso daga Kano da Sakkwato da Katsina a ƙafa, suka ratsa Borno da Wadai da Darfur, burinsu su isa Sawakin su haye Jidda. A wurinsu teku abin tsallakewa ce, a yi addu'a a rufe ido har a ga gaɓar Hijaz. Waɗanda guzuri ya ƙare musu suka zauna, da Turawan Ingila suka fara gina wannan tashar a 1905 aka samu aikin dako, aka yi aure, aka hayayyafa. Mun gaji zama a bakin ruwan, ba mu gaji saninsa ba. Kuma ba wai Bahaushe baƙon ruwa ba ne. Je ka Mai Wurno ko Damazin ka ga yadda 'yan'uwanmu suka riƙe su a kogin Nilu. Ruwan gishiri ne dai muka ba baya. Uwa za ta ce wa ɗanta kada ya kuskura ya je bakin bahar, akwai mutanen ɓoye. Yaron kuwa zai je, a ɓoye, ba tare da babba ba, bai kuma iya iyo ba. Duk mun san gidajen da aka yi zaman makoki ta wannan hanyar.

To me ke cikin ruwan? Kimanin kilomita 25 daga gaɓa akwai Sanganeb, wani zoben murjani da ya taso daga ƙasa mai zurfin gaske, da hasumiyar fitilar jiragen ruwa a kansa. Can arewa kuma akwai Dunganab da tsibirin Mukawwar, inda ake samun kunkuran teku da wata dabba 'yar'uwar ayu mai kiwon ciyawar ƙarƙashin ruwa. A 2016 UNESCO ta sa wuraren biyu cikin kayan gadon duniya. Tun kafin nan, a 1963, Bafaranshen nan Jacques Cousteau ya zaɓi Sha'ab Rumi, a nan arewa da mu, ya kafa ɗakuna a zurfin mita 10, mutanensa suka yi wata guda suna kwana suna tashi a ƙarƙashin ruwa don a gwada ko ɗan'adam zai jure. Ragowar ginin na nan har yau, murjani ya lulluɓe shi. Ga kuma jirgin Italiya mai suna Umbria da matuƙansa suka nutsar da gangan a 1940, dab da tashar nan, cike da bama-bamai, don kada ya faɗa hannun Ingilishi. Kafin yaƙi masu nutso daga Turai kan biya kuɗi masu kauri su zo ganin waɗannan wurare. Shiga kowace makaranta a unguwanninmu ka tambayi yara wa ya taɓa jin sunan Sanganeb, ka ga hannu nawa za a ɗaga.

Shi murjanin da muke gani kamar dutse, wanda da shi aka gina gidajen tsohuwar Sawakin, abu ne mai rai. Ƙananan halittu ne da ke gina wa kansu gida na farar ƙasa, a cikin jikinsu kuma akwai wasu tsirrai da ido ba ya gani, su ne ke sarrafa hasken rana su ciyar da su, su ne kuma ke ba su launi. In zafin ruwa ya haura abin da suka saba da ko da digiri ɗaya, ya daɗe makonni a haka, sai murjanin ya fitar da tsirran, ya yi fari fat. In zafin bai sauka da wuri ba ya mutu. Inda murjani ya mutu kifi kan yi ƙaura, inda kifi ya yi ƙaura kuwa farashi a kasuwar kifi ta Sigala ne zai ba ka labari. Wannan bayani ba ya buƙatar digiri. Ɗan aji huɗu zai gane shi in aka ɗora masa reshen murjani mai launi da wanda ya yi fari a tafin hannu.

Akwai wani dattijo Bahaushe da nake sayen kifi wurinsa a Sigala, wanda ya yi ƙuruciyarsa a jiragen 'yan ƙabilar Beja. Wata safiya na tarar da shi tsugune yana kankare ɓawon kifin sha'ur da guntun katako mai ƙusoshi, ga kifin najil guda biyu jajaye masu ɗigon shuɗi a kan buhun ƙanƙara, ya ware su gefe. Na ce, "Baba, wannan fa nawa?" Ya ce, "Ɗana, wuce wurin, wannan na masu otal ne. Kai dai tambaye ni inda aka samo shi." Ya ce da can su fita da asuba su dawo kafin la'asar jirgi ya cika. Yanzu sai an ɗauki ƙanƙara da jarkokin mai an kwana a ruwa. Da na ja shi da hira sai ga shi yana lissafa mini a wane wata najil ke taruwa don zuba ƙwai, a gefen wane sha'abi (tudun murjani), da yanayin farin wata a daren, da iskar da in ta taso ba a fita. Bai taɓa riƙe alƙalami ba. Sai ya rage murya ya ce, "Lokacin da suke taruwar nan muka fi kama su. Mun san ɓarna ce. To in na bari wani ba zai bari ba."

Wannan maganar tasa ta ƙarshe ita ce dalilin rubutuna. Jami'ar Bahar Maliya tana garin nan tun 1994, tana da tsangaya guda ta kimiyyar teku da kamun kifi. Malamanta suna da abin awon zafi da gishiri, suna da taswira, suna rubuta maƙaloli da Turanci. Baba yana da shekara arba'in na kallon ruwa. Ina son bikin da zai zaunar da su a tabarma ɗaya a gaban jama'a, kowa ya faɗi abin da ya gani, a fassara da Larabci da Bidawiyet (yaren Beja) da Hausa. Ba irin zaman da ake kiran masunci ya sa farar jallabiya ya tsaya bayan manyan baƙi don hoto ba.

Kuma mu ba ma buƙatar a koya mana yadda ake bikin ruwa, muna da Argungu. Tun 1934 ake yinsa, a 2016 ɗin nan dai UNESCO ta karrama shi. Kowa ya san hoton dubban maza sun faɗa Matan Fada da homa da gora. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, kifin da ake fitarwa ya kai girman mutum saboda an hana su a wurin sauran kwanakin shekara, kuma akwai Sarkin Ruwa da ake jin maganarsa. Hanin ne ke ciyar da bikin. A tsallaken ruwa ma haka. Mutanen tsibirin Farasan na yankin Jazan a Saudiyya suna bikin kifin harid sau ɗaya a shekara, wajen watan Afrilu, lokacin da kifin ke taruwa a ruwa marar zurfi, gari duka ya fito. Saudiyya kuma takan rufe kamun najil na wata biyu daga farkon Afrilu. Ruwa ɗaya ne tsakaninmu da su, kifin ma iri ɗaya. Doka da aka rubuta a ofis aka manna a bango ba ta hana mai jin yunwa jefa ƙugiya. Amma yarjejeniyar da shugabannin masunta suka ɗauka da bakinsu a bainar jama'a ranar biki, 'ya'yansu na kallo, tana da wuyar karyawa. Sai dai fa a haɗa da abin da mutum zai ci a watannin hanin, in ba haka ba an zalunce shi.

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa. Ƙasa na cikin yaƙi tun Afrilun 2023, garin ya cika da waɗanda suka gudo, kai kana maganar murjani. Gaskiya ne, ni ma a gidana akwai baƙin da suka zo da kayan jikinsu kawai. Amma ku tuna watan Agustan 2024, da madatsar Arba'at, inda garin ke samun ruwan sha, ta ɓalle. Garin da babu kogi ko ɗaya da ke zuba a tekunsa ya wayi gari yana bin masu karo da jarka, kuɗin ruwa ya fi na abinci ciwo. A lokacin kowa ya koma maganar injinan tace ruwan gishiri. To injin nan daga ina yake zuƙo ruwa? Daga inda muke zubar da leda da baƙin mai da ruwan kwata. Ku tuna kuma Yunin 2022, da jirgi ya nutse a tashar Sawakin da tumaki sama da 15,000. An yi ta lissafin asarar 'yan kasuwa, wanda ya dace, amma mutum nawa suka tambayi abin da mushen ya yi wa ruwan da ake su a cikinsa? Maganar teku a garin nan maganar abin sha ce da abin miya.

Bikin da nake nufi ma ba mai tsada ba ne. Kuɗin mawaƙi ɗaya daga waje zai sayi man jiragen nan masu gindin gilashi na yini guda, a kwashi 'yan makarantun gwamnati da almajiran halwa (makarantar allo) aji-aji a kai su kan sha'abi mafi kusa su leƙa. A sami wuri marar zurfi a kewaye da igiya, matasan da suka iya su koya wa yara iyo. A ware rana ta mata da 'yan mata zalla, da masu koyarwa mata, don in ba a yi haka ba mun san ba uban da zai bar 'yarsa ta je, kuma ba zan ga laifinsa ba. Iyayenmu mata ma suna da nasu rabon a ciki: farcen da suke wankewa su soya su daka a humra murfin bakin dodon koɗin teku ne, kuma daga irin wannan gaɓar ake tsinto shi. Hajiyoyin da suka yi shekara talatin suna haɗa turare sun cancanci a nuna musu dabbar da ranta, su kuma san ko tana ƙaruwa ko tana ƙarewa, tunda sana'arsu a kanta take.

Abu ɗaya da ba zan lamunta ba shi ne rumfar sayar da busasshen murjani da ƙoƙon bayan kunkuru a matsayin tsaraba. In aka bar wannan, gara kada a yi bikin.

Wanda ke da ɗan'uwa ko malami a tsangayar kimiyyar teku, don Allah ya tura masa wannan. Ni kuma na ɗauki nauyin zuwa Sigala in yi magana da su Baba, amma sai bayan sallar azahar, don da safe ba mai sauraronka.