Sarcosuchus ba kakan kada ba ne

Wani labari ya kira Sarcosuchus, wani ƙaton dabba mai kama da kada da ya rayu a zamanin da, kakan kada, kuma ya ce tsawonsa mita 12. Akwai gyara. Ɗan uwan kada ne na nesa, zuriyarsa ta ƙare, kadojin yau ba daga tsatsonsa suka fito ba. A Gadoufaoua, cikin hamadar Tenere ta Nijar, aka tono ƙoƙon kansa, aka raɗa masa suna a 1966.

Mita 12 ɗin kuwa ƙiyasin masanin burbushin halittu Paul Sereno ne na 2001, wanda ya auna da tsawon kai. Matsalar ita ce dogon bakin Sarcosuchus, kusan kashi uku cikin huɗu na kan, shi ke kumbura lissafin. Da aka sake aunawa da faɗin kai a 2019, sai aka samu kimanin mita 9 da rabi. Ko hakan ma dodo ne.