Waƙar Sararin Samaniya Ba Darasin Ilimin Taurari Ba Ce

Mutane da dama idan suka ji an ce waƙar ƙagen kimiyya, wato waƙar da ke ƙaga labari a kan tushen kimiyya, sai su ɗauka darasin ilimin taurari ne aka tsara baiti-baiti, irin wanda ɗalibi zai haddace don ya riƙe sunayen duniyoyi da nisan da ke tsakaninsu. Ba haka abin yake ba.

Mawaƙin wannan fanni aron gaskiyar kimiyya yake yi, ya ɗora mata "da a ce". Hasken rana yana ɗaukar kimanin minti 8 kafin ya iso gare mu, na tauraron da ya fi kusa bayan rana kuwa sai ya haura shekara 4. Wannan masana sun riga sun auna, mawaƙi ba shi da abin ƙarawa. Tambayarsa daban ce: mutumin da ke can kusa da wancan tauraro, ya aiko wa mahaifiyarsa saƙo, ya san amsa ba za ta same shi ba sai bayan shekara 8 da ɗoriya, me zai ce mata?

Dubi Aniara, doguwar waƙa mai kashi 103 da Harry Martinson ɗan ƙasar Suwidin ya fitar a 1956. Labarin wani kumbo ne ɗauke da dubban mutane da suka baro duniyar da yaƙi ya lalata, za su duniyar Mas, sai ya kauce hanya ya nausa cikin duhu ba dawowa. Babu wanda zai koyi tuƙin kumbo daga cikinta. Kewar gida da fargaba ne suka cika ta, kuma a ganina nan ƙarfinta yake. Martinson ya samu kyautar Nobel ta adabi a 1974.