Mai niyyar yawon keke a kudancin Fotugal da Andalus, ya fara duba wata da iska

Jama'a, masu shirin zuwa Fotugal da Sifaniya da keke sukan ɓata lokaci wajen tambayar irin keken da za su saya. Ni a ganina abin da ke gyara tafiyar nan ko ya ɓata ta shi ne watan da ka zaɓa da kuma inda ka sa gaba. Keke mai tsada ba ya maganin rana, ba ya maganin iskar da ke dukanka a ƙirji.

Kada wani ya ce ai mu 'yan Sakkwato ne ko 'yan Maraɗi, mun san zafi. A Yuli da Agusta, biranen Kurɗuba (Córdoba) da Ishbiliya (Sevilla) na yankin Andalus a kudancin Sifaniya suna wuce maki 40 kwana da kwanaki, kuma a garin La Rambla da ke lardin Kurɗuba an auna 47.6 a watan Agustan 2021. A gida in rana ta take kana da inuwar darbejiya da mai ruwan sanyi a bakin titi. A can za ka yi kilomita ashirin cikin gonakin zaitun, itatuwa gajeru marasa inuwa, ba shago ba mutum, kana murza feda da kaya a baya. Ka je a Afrilu ko Mayu, ko daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba. Ka fita da sassafe, ka gama yawancin tafiyarka kafin azahar, ka ɗauki ruwa lita biyu zuwa uku, ka cika a duk ƙauyen da ka ratsa. Famfon da aka rubuta wa "agua no potable" ba na sha ba ne.

Sai iska. A gaɓar yammacin Fotugal akwai wadda suke kira nortada, tana kaɗawa daga arewa, tana ƙara ƙarfi da yamma, musamman lokacin zafi. Wanda ya taso daga Lisbon zuwa Porto da ita zai yi ta kokawa. Wanda ya gangaro daga arewa zuwa kudu ita ke tura shi. A yankin Algarve na gaɓar kudancin Fotugal kuwa galibi daga yamma take zuwa, don haka ka fara daga Sagres ka nufi gabas. Jirgin ƙasa na kaiwa garin Lagos (sunansa ɗaya da Legas ɗinmu, kuma Turawan Fotugal ne suka raɗa wa tamu), daga nan kilomita talatin da 'yan kai ne zuwa Sagres. Hanyar keke ta Ecovia do Litoral ta tashi daga Cabo de São Vicente, kusa da Sagres, har Vila Real de Santo António, kimanin kilomita 214. A kilomita 50 zuwa 60 a rana, kwana huɗu ke nan. Alamominta sukan ɓace a wasu wurare, kuma nan ne mutane ke faɗawa titin N125 mai cunkoson motoci. Ka sauke taswirar hanyar a wayarka tun kana masauki, ka guji N125 iyakar iyawarka.

A ƙarshen hanyar kogin Guadiana ne iyaka. Babbar gadar ta motoci ce, an hana keke hawa. Jirgin fito za ka shiga zuwa Ayamonte, tafiyar 'yan mintoci. Da ka sauka ka ƙara awa ɗaya a agogonka, domin Sifaniya na gaban Fotugal da awa guda, kuma wannan awar ce ke sa mutum ya rasa jirgi. Ayamonte ba ta da jirgin ƙasa. Sai ka kai Huelva sannan ka samu na Ishbiliya.

Maganar jirgi tana buƙatar natsuwa. A Fotugal jiragen Regional na ɗaukar keke a haɗe kyauta, jiragen dogon zango na Intercidades kuma sai ka kama wa keken wuri tun wajen sayen tikiti. A Sifaniya jirgi mai gudu, AVE, ba ya karɓar keke sai an kwance shi an sa a jakar da ba ta wuce santimita 120 da 90 da 40 ba. Jiragen matsakaicin zango na Media Distancia da na kewayen birni, Cercanías, su ne abokan mai keke, amma a Media Distancia guraben kaɗan ne, sai ka kama da wuri.

Inda nake so mutanenmu su fi daɗewa shi ne Vía Verde del Aceite da ke Andalus, tsohon layin dogon da ke ɗaukar man zaitun, wanda aka rufe a 1985 aka mayar da shi hanyar keke. Ta taso daga Jaén zuwa Puente Genil, kimanin kilomita 128, ta ratsa Martos da Luque da Zuheros da Cabra da Lucena, a kan gadojin ƙarfe na ƙarni na 19. Tunda jirgi aka yi wa ita, hawanta a kwance yake, ba mota, ko wanda ya daɗe bai hau keke ba zai iya cinye ta a kwana uku. Jaén kuwa ita ce Jayyan, mahaifar Ibn Malik mai Alfiyya da ake karantawa a zaurukanmu. Ɗalibin da ya haddace baitocin nan ya kamata ya san ƙasar da ta haifi mai su, kuma a kan keke ne ake ganinta sosai. In ka kai ƙarshe, zuwa Kurɗuba da bas ta fi sauƙi; za su nemi ka cire tayar gaba ka naɗe keken.

Kan hanyar tsakuwa ce da aka daddaɓe, don haka siririyar tayar tsere ba ta dace ba. Ka nemi mai faɗin milimita 35 zuwa 40. Tsidau ɗin nan da ke fasa mana taya a gida yana can, suna ce masa abrojo, kuma ya fi yawa bayan zafi ya busar da shi. Ka riƙe tib biyu, kayan faci, famfon da ya dace da bakin tib ɗinka, maɓallin haɗa sarƙa da takalmin birki na canji. In ka yi faci ka shafa cikin tayar da yatsa ka zare ƙayar, in ba haka ba sabon tib ɗin ma zai tafi nan take. Kaya kada su wuce kilo 10 zuwa 12, a jakunkuna biyu gefen tayar baya, kada ka goya a bayanka. Batirin keken lantarki ba ya shiga jirgin sama, mai son irinsa ya yi haya a can.

Doka a Sifaniya: hular kwano dole ce a wajen gari, sa abin ji a kunne kana tuƙi tarar yuro 200 ne, da dare da cikin ramin hanya sai da farar fitila gaba, ja baya. Direba zai ba ka tazarar mita 1.5 in zai wuce ka, a ƙasashen biyu. Lambar gaggawa 112.

Abinci shi ne inda Musulmi zai buɗe ido. Alade yana ɓuya inda ba ka zata ba: a kan miyar salmorejo suna barbaɗa jamón, a caldo verde ta Fotugal akwai yankan chouriço, faten lentejas da chorizo ake dafa shi, kayan zaƙin mantecados da kitsen alade ake yi. Ka haddace "sin cerdo" a Sifaniya, "sem porco" a Fotugal, ka tambayi ko an dafa da barasa. Gasasshen kifin sardin, tortilla ta ƙwai da dankali, gazpacho, burodi da zaitun sun ishe ka. A ƙauyukan Andalus shaguna na rufewa daga ƙarfe biyu zuwa biyar, ran Lahadi kuma yawanci a kulle, abincin dare sai wajen tara. Ka yi guzuri tun da safe.

Tsohon masallacin Kurɗuba da aka fara ginawa a 785 coci ne tun 1236, ba a barin sallah a ciki. Ka sani kafin ka shiga, kada abin ya zo maka a ba-zata. A Garnaɗa (Granada) akwai masallacin da aka buɗe a 2003 a unguwar Albaicín, yana kallon fadar Alhambra, wadda tikitinta kan ƙare makonni kafin ranar, kuma da fasfo ake shiga.

Bizar Shengen ɗaya ta wadatar, kuɗinta yuro 90, da inshorar lafiyar da za ta iya biyan kuɗin magani har yuro 30,000. A ofishin ƙasar da za ka fi yawan kwana a cikinta ake nema, don haka ka ƙirga dararenka kafin ka cike takarda. Tunda kowane dare a gari daban za ka kwana, ka haɗa musu jadawalin tafiyar da shaidar masaukin kowane gari.