Har yanzu da mutane a Rowley

Masu ganin hotunan Rowley, a lardin Albata na Kanada, sukan ɗauka kufai ne da kowa zai iya kutsawa yadda ya ga dama. Ba haka ba ne. A shekarun 1920 mazaunansa sun kai wajen 500. Da aka samu motoci da hanyoyi masu kyau, jama'a suka watse zuwa manyan garuruwa, daga baya jirgin ƙasa ma ya daina biyowa. Amma 'yan tsirarun da suka rage, waɗanda ba su kai 20 ba, su ne suka tsaya wa garin. Su suka gyara dogayen rumbunan hatsi na katako guda 3 da ke gefen tsohon layin dogo, waɗanda baƙi ke tururuwar ɗauka a hoto. Kuɗin gyaran kuwa har da na abincin da suke sayarwa a daren taron wata-wata. Saboda haka mai ziyara ya yi sallama, kada ya leƙa tagar gidan mutane.