Haƙƙin hanya yana wuyan mai riƙe da sitiyari

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa masu tuƙi, da ku nake.

A shekara ta 10 bayan Hijira, da rana ta faɗi a Arfa, Manzon Allah (SAW) ya taso da alhazai zuwa Muzdalifa. Jama'a ta cika hanya maƙil, kowa yana so ya isa da wuri. Ibn Abbas (RA) ya ce Annabi ya jiyo tsawa a bayansa, ana ta bugun raƙuma, sai ya yi musu nuni da bulalarsa ya ce: "Ya ku mutane, ku natsu, domin aikin alheri ba a gaggawa yake ba." Bukhari ne ya ruwaito. A ruwayar Muslim daga Jabir (RA), ya ja ragamar taguwarsa har kanta yana taɓa gaban sirdi. Usama bn Zaid (RA), wanda yake goye a bayansa a wannan daren, ya ce tafiya yake yi matsakaiciya, sai ya samu sarari sannan ya ƙara sauri.

Mutanen nan fa ibada suka nufa, amma duk da haka aka hana su ture juna. To ina ga wanda yake kutsawa tsakanin motoci don ya riga wani isa wurin aiki?

Ku tsaya a kowace mahaɗa a babban birni da safe ku gani. Danja ta nuna ja, motoci uku sun riga sun bi ta da gudu. Wani ya ga sarai babu wuri a gabansa, amma ya shigo ya tsaya a tsakiyar mahaɗar, ya toshe waɗanda aka ba hannu, su ma suka toshe wasu, hanya huɗu ta tsaya cik saboda mutum ɗaya. Wani ya baro layi ya bi hannun da ba nasa ba, ya zo gaba yana cusa kan motarsa, kamar waɗanda suka jira ba su da abin yi. Can baya motar asibiti tana ta jiniya babu mai matsawa, in kuma an samu an buɗa mata sai ka ga wasu sun manne a bayanta don su ci moriyar hanyar da aka buɗa wa mara lafiya. A bakin titi ga wata tsohuwa riƙe da hannun jikanta, ta sa ƙafa ta janye, ta sa ta janye, kowane direba yana ganinta yana ƙara taka totur.

Abin da ya fi damuna shi ne, yawancin masu yin haka ba mugayen mutane ba ne. Wanda ya hana tsohuwar nan tsallakawa, da a ƙasa suka haɗu, shi zai durƙusa ya gaishe ta ya karɓar mata kaya. A ƙofar masallaci zai ja baya ya ce "bismillah, shiga". Amma da ya rufe ƙofar mota ya ɗaga gilashi, sai ya daina ganin mutane, ƙarfe kawai yake gani. Yana jin babu wanda ya san shi, kuma ba za su sake haɗuwa ba, sai kunyar da take taka masa burki a cikin unguwa ta zube. Ashe ladabinmu na ganin ido ne? Wanda ba Ya gyangyaɗi ba Ya barci yana ganin cikin motar kamar yadda Yake ganin sahun salla.

Akwai wasu dalilan. Babba a cikinsu fita a makare: mutum ya ɓata lokacinsa a gida, sannan ya fito yana so mutanen titi su biya masa. Akwai koyi da juna, in ɗaya ya karya layi ya ci riba, goma za su bi shi, mai haƙuri kuma ya fara jin kamar shi ne wawa. Akwai gajiya da rashin barci, da ɓacin ran da aka ɗauko daga gida a sauke shi a kan wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Akwai waɗanda suka iya sarrafa mota amma ba su taɓa zama sun koyi ƙa'idar hanya ba. Kuma gaskiya ne, birane da yawa motocinsu sun fi ƙarfin titunansu, wasu wuraren babu alamu, babu inda mai tafiya a ƙasa zai bi, doka ma ana kama wani a bar wani. Wannan nauyi ne a kan hukuma, za a kuma tambaye su. Sai dai laifin hukuma ba ya goge naka.

Gaggawar ma me take saya maka? Ku yi lissafi. Tafiyar kilomita 10 a kan gudun kilomita 40 a awa minti 15 ce. Ka ƙara zuwa 50, ta koma minti 12. Minti 3 kacal, su ma danja ta gaba za ta cinye su, ka waiga ka ga wanda ka wuce da zagi yana tsaye kusa da kai. A 2008 masu bincike a Japan sun fitar da sakamakon wani gwaji: motoci 22 a kan zagayen hanya mai tsawon mita 230, aka ce kowa ya riƙe gudun kilomita 30 a awa. Babu haɗari, babu rami, babu danja, amma ba a jima ba cunkoso ya haɗu da kansa. Wani ya matse na gabansa ya taka burki, na bayansa ya taka fiye da shi, haka abin ya riƙa komawa baya har wasu suka tsaya. Ke nan manne wa motar gaba da tsalle daga layi zuwa layi su ne suke haifar da wani ɓangare na cunkoson da muke kuka da shi. Sauri ya haifi nawa.

Abin da ake bayarwa a madadin waɗannan mintuna kuwa rai ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kimanin mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa duk shekara a haɗarin hanya, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Fiye da rabin mamatan masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur, wato waɗanda babu ƙarfen da ya kare su. Hukumar ta ce mai amfani da waya yana tuƙi, yiwuwar ya yi haɗari ta ninka kusan sau 4. Motar da take gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya. Ka sunkuyar da kai daƙiƙa 3 ka duba saƙo, ka yi tafiyar mita 40 da 'yan kai ba ka ga komai ba. Ɗan wa zai fito a cikin mitocin nan?

In abin ya faru sai a ce tsautsayi ne, kwana ya ƙare. Mun yi imani da ƙaddara, babu mai wuce ajalinsa. Amma Allah da Ya ƙaddara ajali, Shi ne Ya saukar a Suratun Nisa'i, aya ta 92, cewa wanda ya kashe mumini bisa kuskure akwai diyya ga iyalan mamaci, akwai kuma kaffara, wanda bai samu wuyan da zai 'yanta ba ya yi azumin wata biyu a jere. Wannan fa hukuncin kisan kuskure ne. Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a zamanta na Brunei a 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya waɗanda ba su saɓa wa Shari'a ba wajibi ne. Saboda haka wanda ya keta jar danja ba dokar mutane kaɗai ya keta ba. Ka yi addu'ar hawa abin hawa, madalla, amma ka ɗaura bel, ka duba burkinka, ka ajiye wayar. Wanda ya tambayi Annabi (SAW) game da taguwarsa, cewa aka yi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali.

Sai maganar baki da oda. Luƙmanu ya ce wa ɗansa: "Ka tsakaita a tafiyarka, kuma ka sassauta muryarka." Oda an yi ta ne don gargaɗi, ba don huce haushi a kan wanda shi ma a tsaye yake ba. Mutum ya yi azkar ɗin safe, kafin ya isa wurin aiki ya zagi iyayen mutum biyar. Waɗannan haƙƙoƙin bayi ne, kuma masu su ba ka san su ba, ba ka san gidajensu ba, ta yaya za ka nemi yafiyarsu? Wannan ya kamata ya tsorata mu. Da Sahabbai suka tambayi haƙƙin hanya, cikin abin da Annabi (SAW) ya lissafa akwai kame cuta daga mutane. Mummunan fakin da ya toshe ƙofar wani cuta ne. Haska wa mai zuwa babbar fitila a ido da dare cuta ne. Juyawa ba sigina cuta ne.

Ba direba kaɗai ne a cikin wannan ba. Kai mai motar haya da ka yanka wa direbanka kuɗin da ba zai iya haɗawa ba sai ya yi gudun wuce sa'a ya hana idonsa barci, kana da kaso a abin da zai biyo baya. Kai fasinja da kake cewa "direba taka mana, mun makara", ka san me kake roƙo? Kai uba da ka miƙa wa yaro makulli bai kai ba, bai koya ba, don kawai ya iya tayar da mota, ka ji tsoron Allah a kansa da kan 'ya'yan mutane. Yaran da suke kujerar baya kuma suna haddace duk abin da muke yi da abin da muke faɗa a bakin danja.

Gobe in Allah Ya kai mu, ka fita da sauran lokaci a hannunka. Ka bar tazara tsakaninka da na gaba. In ka ga mai son shigowa layi ka ba shi, in ka ga mai tsallakawa ka tsaya masa, in ka yi wa wani ba daidai ba ka ɗaga masa hannu. Waɗanda suka rasu a kan hanya Allah Ya jiƙansu, waɗanda suke kwance da karaya Allah Ya ba su lafiya.