Kada Ku Sayar Da Iri A Bazara

Assalamu alaikum, 'yan'uwana matasa na Gadarif da Sinnar da sauran garuruwanmu na ƙasar Sudan.

Ranar kasuwar da ta wuce na ga abin da ya hana ni sukuni. Wani saurayi, wanda na san mahaifinsa tun yana da rai, ya sauke buhun dawa a gaban mai awo, kuma da aka kwance bakin buhun sai na ga ƙwayar duk girmanta ɗaya, fara tas, da sauran toka a jikinta. Duk wanda ya tashi a gidan noma ya san ba a zuba wa dawar ci toka haka. Iri ne, wanda aka zaɓa zangarniya bayan zangarniya tun lokacin girbi. Na tambaye shi, ya ce kuɗin mota yake nema zuwa wurin haƙar zinariya, kuma wai damina da saura.

Damina ba ta da saura, ƙannena. Muna tsakiyar bazara, zafi yana wuce digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, baƙar ƙasar nan tamu ta laka ta tsattsage har mutum yana iya zura hannu a cikinta, hafirai, wato tafkunan da aka haƙa don tara ruwan sama, sun fara ƙafewa, guguwar habub tana tasowa da yamma. Waɗannan duka alamu ne cewa lokaci ya matso. Daga nan sai yayyafin farko da ake kira rushash, sannan ruwa ya sauka sosai a Yuli da Agusta, kuma mafi yawan abin da Gadarif take samu a shekara, wato kusan milimita 600, a cikin waɗannan 'yan watanni yake zuba. Ƙasarmu kuwa idan ta sha ruwa ta kumbura, ba tarakta ba, ko jaki da ƙyar yake ratsa ta. Kwanakin shuka kaɗan ne, kuma wanda ya tsaya neman iri a cikinsu ya riga ya makara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku yi lissafi da kanku. Fadan ɗaya, wato murabba'in mita 4,200, kilo 3 na dawa ko kusa da haka yake ci wajen shuka. Buhu mai kilo 90 zai shuka fadan wajen 30. Wanda ya sayar da buhun iri saboda kuɗin mota ko sabuwar waya, gonar da za ta ciyar da gidansu shekara guda ya sayar, a kan farashin buhu ɗaya. Idan ruwa ya sauka zai dawo kasuwar nan ya sayi dawar da bai san asalinta ba, gauraye, wata ta nuna da wuri wata ta makara, wataƙila ma da ƙwayar ƙuduji a ciki, ya kai wa gonarsa cutar da za ta shekara da shekaru ba ta fita ba. In kuma babu kuɗi sai ya faɗa hannun masu shel, ya ci bashi a kan amfanin da bai ko tsiro ba, da kaka su auna rabonsu tun a masussuka. Kwaɗayi mabuɗin wahala, haka magabata suka ce, kuma wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba.

Ba da wanda yunwa ta tilasta wa nake ba. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 mun ga gidajen da suka cinye irinsu suna kuka, kuma Allah ne shaida babu mai zarginsu. Da ku nake, masu ƙarfi a jika, waɗanda kuke wuni a gindin mai shayi kuna latsa waya tun hantsi har la'asar, kuna gardamar ƙwallon Turai, ga shisha da ta zama ado, alhali sarƙaƙiya ta cinye gonar ubanku kuma ko gatari ba ku wasa ba. Idan aljihu ya bushe sai ido ya koma kan rumbu, a rumbun ma kan tukunyar iri.

Wasunku suna cewa ai za a raba iri, ko banki zai ba da rance. Ku dubi halin da ƙasa take ciki kafin ku jingina da wannan. Madani, babban birnin jihar Jazira, ta fita daga hannun gwamnati a Disamba 2023, ba ta dawo ba sai Janairu 2025, kuma a can ne hukumar binciken noma take, inda ake adana irin shuke-shuken ƙasar nan, ita ma ba ta tsira daga ɓarna ba. An kwashe taraktoci a Jazira, magudanan ruwa sun cushe, man dizal ya yi tsada, rance kuwa ko a zaman lafiya sau da yawa sai an yi shuka yake isowa. A irin wannan shekara, dawar iri, Wad Ahmad ko Tabat ko fatarita, da ke cikin ɗakinka ta fi duk wani alkawari da ke kan takarda. Ko ruwan bana zai zo da wuri ko zai yi jinkiri, wannan na Allah ne, amma mai iri a hannu yana shuka a kowane hali, marar iri kuwa ko an yi damina mai albarka kallo ne nasa. Haka batun riɗi yake, shi da ma ya fi dawa son a shuka shi da wuri.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mu ba haka muka gada ba. Kakanninmu da suka taso daga ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa Mai Wurno a gaɓar Shuɗin Nilu, da noma suka samu wurin zama da mutunci a ƙasar nan, kuma da guminsu aka raya gonakin auduga na Jazira bayan an gama madatsar Sinnar a 1925. A gidajenmu tsohuwa ce take riƙe da iri. Takan cuɗa shi da toka, ta zuba a tukunya, ta liƙe bakin da laka, kuma ko maigida bai isa ya fasa ba sai ranar shuka. Dattawan da suka ga yunwar 1984 suna nan da rai, ku je ku tambaye su yadda aka riƙa kwana da kunun tsaki alhali tukunyar tana ƙuryar ɗaki ba a taɓa ta ba. Maƙwabci idan nasa ya lalace, a ɗebo masa a ƙwarya ba tare da an rubuta bashi ba. A lokacin, yaron da aka gani da iri a kasuwa, mai awon ma ba zai karɓa ba, sai ya aika a kira ubansa. Yanzu mai awo murna yake yi, domin ya san zai ɓoye buhun ya sayar wa yaron nan ko ɗan'uwansa da tsada idan ruwa ya sauka, dattawan unguwa kuma suna zaune a inuwa suna gani, babu wanda ya ɗaga murya.

Ku ji tsoron Allah, ku tashi ku share gonaki tun ƙasa tana bushe, ku bar abin da aka ajiye don shuka a inda aka ajiye shi. Iyaye mata kuma ina roƙonku, ku karɓe mabuɗin rumbu daga hannun yaran nan har zuwa saukar ruwa.