Jinin Maza Ne, Ba Tsatsa Ba

Barde ya dire ƙullin leda gaban Maƙeri, ya gyara gashin baki.

BARDE: Ga sulkena. Ka share masa ƙura, amma kada ka taɓa jan nan. Jinin maza ne.

MAƘERI: Ranka ya daɗe, tsatsa ce.

BARDE: Jini ne!

MAƘERI: To a cikin ledar mazan suka mutu? Da zufarka ka ƙulle shi. Zufa gishiri gare ta, leda kuma ba ta barin damshi ya fita. Me ƙarfe zai yi in ba ja ba?

BARDE: Kullum yana jikina.

MAƘERI: Sulken da ake sawa shi yake wanke kansa. Kowane zobe a sarƙe yake da huɗu, kana tafiya suna gugar juna, tsatsa ba ta samun wurin zama. Naka kuwa har gizo-gizo ya yi aure a hammatarsa.

BARDE: Gizon ma tsoron fitowa yake, ya san mai rigar.

(Barde dai ko kare ya yi haushi sai ya tuna ya bar ƙofa a buɗe.)

MAƘERI: Yaro, mirgino ganga. A zuba busasshen yashi, a ɗan yayyafa ruwan khal, a jefa sulken, a rufe. Sai a yi ta gara ta har yashi ya cinye tsatsar. Mayaƙan Turai ma haka suka yi a da.

BARDE: Sulken Barde a ganga? A gara shi a ƙasa mutane na kallo? Ka bi shi zobe-zobe da tsumma, cikin ladabi.

MAƘERI: Zobba sun haura dubu 20, ranka ya daɗe. Ka biya kuɗin ƙusoshin da na ɗaure maka bara, sai in fara lissafin ladabi.

BARDE: Ana maganar jarumta kana maganar kuɗi.

(Haka suke. A ba mai kirari kyauta a bainar jama'a, mai aikin hannu kuwa a ce masa "zan aiko".)

MAƘERI: In ya fito a kakkaɓe yashin, a shanya shi ya bushe ƙarau, sannan a shafa mai sama-sama. Man keke, ba man girki ba. Na girki danƙo yake yi, ya yi wari. A ajiye shi cikin ƙyalle mai maiƙo.

BARDE: Ni turare nake fesa masa.

MAƘERI: Na ji tun kana bakin ƙofa.

Nan zuciya ta ɗebi Barde, ya ce bari a ga mai riga cikin rigarsa. Ya zura kai. Kilo kusan 10 ya sauka a kafaɗunsa, gwiwoyi suka ɗan yi shawara da juna. Wani zobe da bakinsa ya buɗe ya cafki gemu.

BARDE: Wayyo! Wato… haka nake kururuwar yaƙi. Cire min.

MAƘERI: Ba a cire sulke a tsaye. Sunkuya, ka miƙa hannaye ƙasa, ka girgiza, zai zubo da kansa.

BARDE: In rusuna? A gabanka?

MAƘERI: A gaban ƙasa dai.

BARDE: Barde bai taɓa rusuna wa maƙeri ba. Kakana bai yi ba, ubana bai yi ba. Kawo awartaki ka yanke shi.

MAƘERI: In yanka aikin wata da watanni saboda gemu? Gemu yana tsirowa kyauta.

BARDE: To ka juya baya.

MAƘERI: Na juya.

BARDE: Yaron ma.

YARO: Na juya, Baba Barde.

BARDE: Ina ganin inuwarku tana kallona. Na fasa. A haka za a wanke shi.

Maƙeri ya dubi Barde, ya dubi ganga, ya auna faɗin bakinta da taƙi.

MAƘERI: Yaro, wannan ba za ta ci shi ba. Ɗauko babbar, ka ƙaro yashi.